Binne kabon a ƙasa: injin da zai zauna a wurin ya fi wanda zai riƙa kawo ziyara

Duk kamfanin da ya ce zai tura iskar kabon dayoksaid cikin ƙasa ta zauna can har abada, tambayar farko da ta kamata hukuma ta yi masa ita ce: da me za ka san inda ta nufa? Rijiyar gwaji abin da ke kusa da ita kaɗai take gani. Mai nuna faɗin iskar shi ne awon girgiza: a bugi ƙasa daga sama, a saurari amsa-kuwwar da duwatsun ciki za su maido. Ra'ayina shi ne, a wuri mai nisa da titi da lantarki, kuskure ne a zaɓi injin bugun saboda ƙarfinsa. Abin dubawa shi ne ko zai iya maimaita bugu iri ɗaya, a waje ɗaya, shekara da shekaru.

Ga dalili. Akan tura iskar zuwa zurfin da ya wuce mita 800, inda matsi ya haura bar 74 (sama da ninki 70 na matsin iskar da muke shaƙa), zafi kuma ya wuce digiri 31, sai ta yi kauri kusa da na ruwa. Tana shiga ƙananan kofofin dutse ta kori ruwan gishirin da ke ciki, kuma girgiza ba ta gudu a dutse mai iska kamar yadda take gudu a mai ruwa. Sai amsa-kuwwar ta canza ƙarfi, ta kuma makara da 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa. Ba a ganin wannan a hoto ɗaya. Sai an ɗauki hoto kafin a fara zuba iskar, a sake ɗauka daga baya, a cire wancan daga wannan. Abin da ya rage ne ake kira kabon. To amma duk wani bambanci tsakanin awon farko da na biyu shi ma raguwa zai yi, ya fito a hoton kamar kabon ne, ko ya rufe na gaskiyar.

A teku abin da sauƙi. A filin Sleipner na Norway an ɗauki hoton farko a 1994, aka fara zubawa a 1996, aka maimaita a 1999 da shekarun da suka biyo baya, har aka ga iskar ta jeru hawa tara a cikin Utsira, shimfiɗar yashin da ke ƙarƙashin tekun. Jirgi ke jan bindigar iska mai yin bugun a cikin ruwa, ruwan teku kuwa bai cika sauyawa ba.

A tudu ne wahalar take, kuma tana cikin mitocin farko na saman ƙasa. Ƙasar da ta jiƙe da damina daban take karɓar bugu da wadda ta bushe da rani. Wadda ta daskare ma daban. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa yana sauka. Wannan kaɗai kan jinkirta girgiza fiye da yadda kabon da ke zurfin kilomita biyu zai jinkirta ta. Ƙara da cewa motar girgiza ta Vibroseis, wadda nauyinta ke kai tan 30, ba za ta taɓa aza farantinta daidai inda ta aza shi bara ba. Ta goce da mita biyu ko uku, ta sauka a ƙasa mai laushi maimakon tsandauri, bugun ya zama wani. Kafin a kai ga wannan ma, sai an share mata hanya, an kai dizal, an kafa sansanin ma'aikata, an nemi izinin masu filaye. Kuɗin kai kayan wurin kan sa a ɗage awon bana zuwa baɗi, na baɗi zuwa shekara uku.

In Salah da ke saharar Aljeriya ta nuna abin da nisa ke jawowa. An fara zuba iskar a 2004, bisa hoton da aka ɗauka tun 1997, ba a kuma maimaita awon ba sai 2009. A tsakani, tauraron ɗan'adam ne ya nuna ƙasa na tasowa da 'yan milimita a shekara a saman rijiyoyin, da siffar da ke nuna tsaga na buɗewa a dutse. An dakatar da zubawa a 2011 bayan an tura kimanin tan miliyan 3.8. Shekara biyar ana aiki ba tare da sabon hoto ba ta yi yawa.

Nakiya tana da nata amfani, domin ana binne ta ƙasa da ɓangaren da yanayi ke taɓawa. A aikin Aquistore na Kanada an binne na'urorin sauraro 630 a zurfin mita 20, ana harba ƙaramar nakiya a ramuka, kuma awon ya maimaitu sosai. Sai dai kowace fashewa tana farfasa ramin da ta tashi a ciki, don haka ta biyu ba a dutsen farko take tashi ba. Ga batun lasisi, ma'ajiya da tsaro, wanda a daji ba ƙaramin nauyi ba ne.

Shi ya sa nake goyon bayan ƙananan injuna na dindindin. Mafi sauƙinsu moto ne na lantarki mai juya ƙarfen da nauyinsa ya karkata gefe ɗaya, a ɗaure da noti a kan ginin kankare. Yana farawa a hankali ya hau har kusan juyi 80 a daƙiƙa, ya tsaya, ya juya ta ɗaya ɓangaren. Ana binne na'urar sauraro 'yan mitoci a ƙarƙashinsa don a san ainihin abin da ya shiga ƙasa. Mai karɓar amsar kuma wayar faiba ce da aka manne da siminti a bayan bututun rijiya. Hasken leza na bi ta cikinta, kowace mita ta zama kunne. A Otway ta Ostireliya an kafa irin waɗannan injuna tara da faiba a rijiyoyi biyar, aka zuba tan 15,000 tsakanin 2020 da 2021 a zurfin kusan mita 1,500, ana samun sabon hoto duk bayan kwana biyu ba tare da mota ta shiga gonar kowa ba.

Raunin ƙarfinsu maimaici ne ke cike shi, amma da lissafi: bugu 100 idan aka tara su tsabtar saƙon ninki 10 take ƙaruwa, kuma don ta kai ninki 20 sai bugu 400. Akwai wani raunin da maimaici bai cika magancewa ba. Ƙarfin injin mai juyawa yana bin murabba'in gudunsa ne, wato wanda ke ba da ƙarfin tan 10 a juyi 80 kusan tan 0.6 kaɗai yake bayarwa a juyi 20. Girgiza mai jan kauri kuwa, wadda juyi a hankali ke fitarwa, ita ke ratsa zurfi. Wanda ma'ajiyarsa ke kilomita uku dole ya gwada injin a wurin kafin ya saya.

Abubuwan da ke lalacewa ma sanannu ne. Ginin kankare kan nutse ko ya saki ƙasa idan ruwa ya ci gefensa, sai bugun ya sauya sannu a hankali ba a lura ba. Boris kan ci idan giris ya ƙare, noti kan kwance. Moto na zuƙar wuta mai yawa lokacin hawa, don haka a auna sola da batir da wannan lokacin, kuma idan janareta za a sa, a nisanta shi, domin kugin sa na shiga awon. Agogon injin da na mai karɓa dole su bi GPS ɗaya. Kuskuren kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya isa ya yi kama da kabon. Bayanai kuma tuli ne: faiba mai kilomita biyar da ake karantawa mita-mita sau 1,000 a daƙiƙa tana tara kusan terabait 1.7 a yini. Babu intanet ɗin daji da zai ɗauki wannan, sai an tace a wurin a aika taƙaitacce.

Masu sukar wannan hanya suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: injuna tara layuka kaɗan suke haskawa, iskar kuma tana iya bin tsagar da ba ta kan layi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cewa a bar babban awo na mota ko nakiya. A yi shi kafin zubawa, a maimaita idan ƙananan injunan ko ma'aunin matsi suka nuna abin da ya saɓa wa hasashe. Dokar Amurka ta ɗora sa ido na shekara 50 bayan an daina zubawa, sai in hukuma ta amince da ƙasa da haka, ta Tarayyar Turai kuma aƙalla shekara 20 kafin gwamnati ta karɓi wurin. Don haka ya kamata hukumomi su sa sharaɗi a lasisi cewa a kafa injunan su yi aiki shekara guda cur kafin a buɗe rijiya, a rubuta yadda damina da rani ke sauya awon, a kuma ware kuɗin gyara da canjin motocin na tsawon waɗannan shekaru tun kafin a fara.