Baƙin Man Motar Alhaji

Garejin yana Agege, kusa da layin dogo, inda in ka rufe ido ka saurari hira sai ka ɗauka a Fagge kake. Alhaji, Bakano ne ɗan canji, ya shigo da Toyota Prius ƙirar 2012 da ya saya bayan an cire tallafin fetur a 2023. Mai garejin Bazazzagi ne. Yaronsa kuwa ya gama sakandare, laifinsa kenan.

ALHAJI: Bazazzagi, juye na zo. Sannan ka duba min, motar nan ina jin da mutanen ɓoye a cikinta. Jiya a gadar Third Mainland, cikin gosulo, ta mutu ta tashi ya fi a ƙirga, ban taɓa komai ba.

BAKANIKE: Ranka ya daɗe, ai mota halin mai ita take ɗauka. Ta ga Bakano, ta koyi rowa.

YARO: Baba Alhaji, lafiyarta ƙalau. Haibirid ce. In an tsaya injin ya kashe kansa, batir ya karɓi aiki.

BAKANIKE: Wa ya kasa da kai? Ɗauko galan ɗin can, 20W-50.

Ya buɗe, ya tsoma yatsa, ya murza, ya ɗaga wa Alhaji yana ɗiga a hankali kamar zuma.

BAKANIKE: Ka ga mai! Shekara da shekaru shi nake zuba wa danfo, Oshodi zuwa Sango, ba wadda ta kawo ƙara.

ALHAJI: Nawa ne?

Aka faɗa masa. Ya gyaɗa kai.

YARO: Oga, a murfin injin an rubuta 0W-20.

BAKANIKE: An rubuta! Komai an rubuta. Ɗauko shi Alhaji ya ga ikon Allah.

Yaro ya kawo ɗaya galan ɗin. Bakanike ya girgiza shi kusa da kunnen Alhaji.

BAKANIKE: Ka ji ko? Cakal-cakal. Wannan mai ne ko shayin gidan marowaci?

ALHAJI: Shi kuma nawa?

Aka faɗa masa. Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar.

ALHAJI: Na ruwa-ruwan ya fi mai kaurin tsada? Ko a koko, mai kauri ake ƙara wa kuɗi.

YARO: Sintetik ne, Baba Alhaji.

ALHAJI: To ai ka gama magana. A Kantin Kwari in aka ce yadi sintetik ne, na roba kenan, mai araha. Ni za a yi wa wayon Legas?

YARO: A mai ba haka ba ne. An tace shi fiye da na gama-gari, an haɗa shi yadda ba ya saurin lalacewa da zafi, ba ya saurin tara dauɗa. Lambar farko mai W ɗin, yadda yake gudu ne in injin ya yi sanyi. W ɗin hunturu take nufi da Turanci.

BAKANIKE: Hunturu! A Ikko? Garin da ko ƙarfe uku na dare gumi kake? A kai shi Jos.

Nan dai gaskiya Bazazzagi bai yi nisa da hanya ba, sanyin Legas ba ya daskarar da komai. Sai dai yaron bai gama ba.

YARO: Oga, bar ta farkon, dubi ta biyun. Wannan 20, wancan 50. Kaurinsa kenan in injin ya ɗau zafi. Injin motar nan hanyoyin mansa matsattsu ne, da siririn mai aka ƙera shi. Kuma tunda yini yake yana mutuwa yana tashi, duk tashi ana so mai ya zagaye nan take. Mai kauri kafin ya iso ƙarfe ya gaisa da ƙarfe.

BAKANIKE: Ƙarfe ya gaisa da ƙarfe! Alhaji ka ji abin da boko ke jawowa.

YARO: Kuma injin zai riƙa jan nauyi, ya ƙara shan fetur.

ALHAJI: Tsaya. Me ka ce?

YARO: Zai ƙara shan fetur.

ALHAJI: Bazazzagi, ajiye zumar nan. Ni da na sayi mota don gudun gidan mai? Yaro, ci gaba, Allah ya yi maka albarka. In na sa mai tsadan, shikenan sai baɗi?

YARO: A littafinta, mil 10,000 ko shekara guda. Amma ga mai yawan gajeriyar tafiya da ƙura, mil 5,000 ko wata shida. Kai kuma daga gida zuwa shago, injin bai gama ɗumi ba ka isa. Danshi da ɗan fetur sai su taru a cikin man.

ALHAJI: Na janye albarkar.

BAKANIKE: Ka gani? Ya sa ka sayi mai tsada, kuma ka dawo bayan wata shida. Da yaron nan Bakano ne da na ce gado ya yi.

ALHAJI: Galan ɗaya ya isa dai ko?

YARO: Lita 4.2 take sha in an canja filta. Galan ɗin lita 4 ne.

ALHAJI: To ɗigo biyun a cike da tsohon. Ai bai ƙare ba, baƙi kawai ya yi. Sunansa ma baƙin mai.

Bakanike ya gaji da surutu. Ya jawo kwali, ya kwanta, ya shige ƙarƙashin mota da sifana da tsohon baho.

BAKANIKE: Alhaji, a kashe take ko?

ALHAJI: Ba ka ji shiru ba?

Ya fara kwance noti. Yaro ya leƙa ta taga, ya ga koren rubutu a gaban sitiyari: READY. Motar a kunne take, hutawa kawai injin yake, kuma da batir ya yi ƙasa zai tashi da kansa, da mai a cikinsa ko babu.

YARO: Oga! Kada ka cire! Ba a kashe...

Injin ya tashi. Bakanike ya gwara goshi da ƙarfe, ya fito da baya yana salati, takalmi ɗaya a ƙafa, bai tsaya ba sai gaban mai shayi. Yaro ya miƙa hannu ya danna maɓalli, mota ta yi tsit.

BAKANIKE: Alhaji, na yarda. Akwai su a ciki.

ALHAJI: Ai na gaya maka. Na bar ta ne saboda iya kwandishan, kada kujera ta yi zafi.

Yaro ne ya ƙarasa juyen, ya zuba 0W-20. Da ya gama sai ya ɗauko wuƙa zai huda galan.

ALHAJI: Kai! Me za ka yi?

YARO: Hudawa ake yi. In ba haka ba masu jabu su tsince shi, su cika da wani, su liƙe, su sayar.

ALHAJI: Saye suke yi?

YARO: Wasu na saye.

ALHAJI: Sa min shi a but. Tsohon man ma ɗura min a jarka, janareto na nan. Bazazzagi, tunda ba kai ka yi aikin ba, sai wani zuwan.

BAKANIKE: Goshin nawa fa?

ALHAJI: Shafa masa mai kaurin, ai ka riga ka buɗe.