Kwalbati ɗaya ma sai an jira sa hannu daga babban birnin jiha?

Abin da yake ci min rai a maganar ƙananan hukumominmu na Bauchi da Gombe shi ne, ruwa zai cinye kwalbati da daddare, gari ya waye ciyaman ba zai iya kiran mai tifa ya ce a zubo ƙasa da dutse yau yau ba, sai dai a rubuta takarda a tura sama a zauna jira, alhali kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukumarsa hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa. An ba shi aiki, kuɗin kuma yana asusun haɗin gwiwa da jiha.

Kafin takardar ta dawo kowa ya san abin da ke faruwa. Samari su tuɓe riga su shiga ruwa, mutum huɗu su ɗaga mashin su tsallakar a biya su, buhun masara a ka, mota ta tsaya wancan ƙetare a sauke kaya a sake lodi a wata, mai naƙuda kuwa sai dai a riƙo ta a tsallaka da ita ana salati. Daga ƙarshe 'yan gari ne za su yi karo-karo su cika buhuna da yashi.

Nan Ingila da nake zaune ba wai ƙananan hukumominsu, wato kansil, na wanka da kuɗi ba ne, su ma kullum kukan babu suke. Gadar Hammersmith a Landan tun Afrilun 2019 aka hana motoci hawa, aka yi ta ja-in-ja kan wa zai biya. Amma a kan gaggawa dokarsu ta fito fili. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ba kansil ikon kashe kuɗi nan take in bala'i ya faɗo, ba sai ta nemi izinin minista ba. Sannan akwai tsarin Bellwin tun 1983, kansil ta fara kashewa daga aljihunta, in abin ya wuce kashi 0.2 cikin ɗari na kasafinta gwamnatin tsakiya ta mayar mata da mafi yawan abin da ya hau, bayan ta kawo rasit. Kuɗin ɗaukin farko ne fa, sabuwar gada lissafinta daban. A Disambar 2015 ambaliya ta tafi da gadar Pooley a Cumbria, zuwa Maris 2016 an kafa ta wucin gadi mutane na wucewa, ta dindindin sai 2020.

Na san za a ce titin Kano zuwa Maiduguri da ruwa ya yanke a yankin Katagum a Agustan 2024 na tarayya ne, ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Gaskiya ne, wannan na ma'aikatar ayyuka ne da FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya. Ni kan ƙananan kwalbatoci nake magana, na hanyar kasuwar ƙauye da asibiti, waɗanda ba kyamarar da ke zuwa.

Wasu kuma su ce in aka sakar wa ciyamomi mara cinyewa za su yi. Wallahi wannan tsoron ni ma ina da shi, shi ya sa tsarin kashe ka kawo rasit ya kwanta min, kuma ciyaman dai a garin yake, ana ganinsa a masallacin Juma'a, an san gidansu, ya fi sauƙin tsarewa da tambaya.

Kotun Ƙoli ta riga ta yanke tun 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saura majalisun dokokin Bauchi da Gombe su yi doka, kowace cikin 20 ɗinmu da 11 ɗin Gombe ta ware asusun gaggawa kafin ruwan Yuli ya sauka, ciyaman ya taɓa shi ba jiran kowa, a manna lissafin a ƙofar sakatariya.