Harajin da ba a cire mini a Amurka

A kamfanin da nake aiki a jihar Ohayo, duk bayan mako biyu ake biyan albashi, kuma kowa yana samun takarda da ke nuna abin da ya shigo da abin da aka zaftare, layi bayan layi. Wata Juma'a a ɗakin cin abinci, wani abokin aikina Ba'amurke, wanda aka ɗauke mu a wata ɗaya kan albashi ɗaya, ya ajiye wayarsa kusa da tawa muna duba lissafi. Ya ɗora yatsa a kan layuka biyu na takardarsa, Social Security da Medicare, ya duba tawa ya ga ba a cire ko sisi ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe shi ya sa kuka fi mu araha." Ya ɗauki kofinsa ya fita, ni kuwa abincin ya fita raina.

Waɗannan layuka biyu su ne harajin da ake kira FICA. Ana cire kashi 6.2 cikin ɗari na albashi don asusun fanshon tsofaffi da naƙasassu, da kashi 1.45 don inshorar lafiyar waɗanda suka kai shekara 65, wato dala 76 da senti 50 a kowace dala dubu, sannan mai kamfani ya zuba kwatankwacin haka daga aljihunsa. Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ta F-1 ba ya biyan wannan a shekarunsa 5 na farko, kuma shekarar kalanda ake ƙirgawa, ta yadda wanda ya sauka a watan Disamba ya riga ya cinye shekara guda. Sassaucin ya shafi aikin cikin jami'a, wanda ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, ya kuma shafi izinin aiki na OPT na bayan kammala karatu, mai wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. A kan wannan izinin nake.

Ba zan ce maganarsa ba ta da tushe ba, domin kamfani ma yana tsira da nasa kason idan ya ɗauki irina, kuma akwai 'yan majalisa da ke neman a soke sassaucin saboda haka. Sai dai wanda ya taɓa shiga adashi ya san uwar adashi mai tsoron Allah ba ta karɓar zubi daga hannun wanda ta san ba zai kai ranar kwasa ba. Kafin mutum ya cancanci fanshon Amurka sai ya tara maki 40, kuma ba a samun fiye da 4 a shekara, wato aikin shekara 10. Ni kuwa ba a ba ni biza a Abuja ba sai da na gamsar da jami'in cewa gida zan koma. Babu kuma yarjejeniya tsakanin Najeriya da Amurka da za ta sa zubin da na yi a nan ya bi ni can.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zaton da ake yi cewa muna zaune a ɓagas. Ina biyan harajin kuɗin shiga na tarayya, ina biyan na jiha, ina biyan na birni. Rangwamen da doka ta ba abokin aikina, na wani kaso na albashi da ba a taɓawa, ni ba ni da shi. Ɗaliban Indiya suna samunsa saboda yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsu da Amurka, mu ba mu da irinta.

A gida, dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki, cikin asusu mai ɗauke da sunanka, kuma ta wannan fuskar ina ganin tsarinmu ya fi adalci a rubuce. Amma mahaifina a tsohon tsari ya yi ritaya bayan shekara 35 yana koyarwa, kuma ba sai na faɗa muku yadda ake fita da asuba zuwa tantancewa ba, da fayil a hammata, da ƙafa mai ciwo. A nan, abin da aka cire wa ma'aikatan yau shi ake biyan tsofaffin yau. Ni ma haka nake yi, sai dai nawa tsohon yana Zariya, kuma abin da nake tura masa duk wata ya fi abin da FICA za ta cire mini.

Idan Allah ya sa na samu bizar aiki ta H-1B, layukan nan biyu za su bayyana a takardata tun daga albashin farko, kuma zan biya ba tare da gunaguni ba. Daga ranar za a fara ƙirga mini shekara 10 ɗin. Baba yana da shekara 74, kuma duk lokacin da muka yi waya, bayan ya gama sa mini albarka, tambayarsa ɗaya ce, wace Sallah zan yi a gida.