Rigimar Musulunci a Jamus: wa ke biyan liman?

Tun 2010 da shugaban ƙasa Christian Wulff ya ce Musulunci wani ɓangare ne na Jamus, 'yan siyasar ƙasar ke ta ja-in-ja a kan wannan magana. A 2018 ministan cikin gida Horst Seehofer ya ce sam ba haka ba ne. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta biyu da sama da kashi 20 cikin 100. Duk wannan hayaniya ba ta taɓa tambayar da ta fi shafar Musulmi sama da miliyan biyar da ke ƙasar ba: wa ke horar da limamin da ke hawa mumbari ranar Juma'a, kuma daga aljihun wa albashinsa ke fitowa?

Coci-coci ba su da wannan damuwa. Ofishin haraji na gwamnati ne ke karɓar musu kuɗi daga mabiyansu, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin albashin mutum, gwargwadon jihar da yake. Kafin wata ƙungiyar addini ta sami wannan dama, sai doka ta ba ta matsayi na musamman, wanda ke buƙatar rajistar mambobi da shugabanci tsayayye. A nan gizo ke saƙar. Musulmi ba ya yankar katin zama ɗan masallaci, alwala yake yi ya shiga sahu. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin masallatai suka kasa samun matsayin, sai Ahmadiyya da ta samu a jihar Hessen a 2013.

Turkiyya ce ta cike giɓin. Ƙungiyar DITIB, mai masallatai kusan 900, daga hukumar addini ta Diyanet take karɓar limamai. Ma'aikatan gwamnatin Ankara ne, su yi 'yan shekaru su koma, da yawansu ba sa jin Jamusanci sosai. Jikan leburan da ya zo bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 tsakanin Jamus da Turkiyya kuwa, da Jamusanci yake tunani. Ya zo da tambaya a kan aure ko bashin banki ko abin da malamin makaranta ya faɗa masa, liman ba ya gane duniyarsa. Sai ya koma YouTube da TikTok, inda masu tsattsauran ra'ayi ke jiransa da Jamusanci tsantsa. Wannan ya fi damuna fiye da duk surutun da ake yi a kan ɗankwalin mata Musulmi. Kuma tun 2017, da aka zargi wasu limaman DITIB da kai rahoton mabiya Fethullah Gülen, malamin da gwamnatin Turkiyya ta zarga da yunƙurin juyin mulki, ga Ankara, yarda ta ƙara raguwa.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Daga 2011 aka fara buɗe sassan nazarin addinin Musulunci a jami'o'i irin su Tübingen da Münster da Osnabrück. A 2021 aka buɗe kwalejin Islamkolleg a Osnabrück don horar da limamai da Jamusanci. A Disambar 2023 Jamus da Turkiyya suka amince a riƙa horar da limamai 100 duk shekara a cikin Jamus, har a daina aiko su daga waje.

Amma horo daban, albashi daban. Wanda ya gama digiri yana da iyali da kuɗin haya, masallacin unguwa kuma da sadakar Juma'a yake biyan wuta da ruwa. Dole ya nemi koyarwa a makaranta ko aikin jin daɗin jama'a. Gwamnati ba za ta biya shi kai tsaye ba, domin tsarin mulki ya hana ta fifita wani addini.

Saboda haka nauyin a wuyan ɓangare biyu yake. Jihohi su sassauta sharuɗɗan da aka ɗinka daidai jikin coci, su karɓi rajistar masallatai a madadin ta ɗaiɗaikun mutane. Su kuma masallatan su buɗe littafin kuɗinsu, su sa wa mambobi gudummawar wata-wata da za ta isa a ɗauki liman da cikakken kwantiragi da inshorar lafiya da fansho.