Saɓewar kumburi ba warkewar ƙashi ba ce

Sau da yawa a nan Katsina, da zarar wanda aka yi wa aikin gyaran muƙamuƙin ƙasa ya kwana goma, kumburi ya saɓe, sai ka ji 'yan dubiya suna cewa, "Ai Malam ya warke, a kawo masa tsire." Naman cikin baki ne ya rufe, don ta nan likita ke yankawa, kuma shi kan yi saurin haɗewa. Ƙashin da aka tsaga aka daidaita kuwa yana nan ɗanye, ƙananan faranti da kusoshin ƙarfen titaniyam ne ke riƙe da shi. Sai ya yi kamar mako 6 kafin ya kama, ƙwarinsa na sosai kuma sai bayan watanni.

Cikin makonnin nan abinci shi ne kunu, koko, romo da fura mai laushi. Kilishi, rake da aya su dakata. Goro ma haka, ko da dattawa za su ɓata rai. Taba kuwa tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Idan leɓen ƙasa ya yi kamar ya mutu, ba a jin taɓi a wurin, jijiyar da ke ratsa ƙashin ce ta taɓu, kuma galibi ji kan dawo sannu a hankali.