Takunkumin Haɓa

Jiya ina zaune a layin ganin likita, wani saurayi ya zo ya zauna kusa da wata dattijuwa wadda numfashinta ma da ƙyar yake fita. Yana sanye da takunkumi sabo fil, amma hancinsa a waje, sai leƙe yake ta saman ƙyallen. Can atishawa ta taso masa. Wallahi da idona na ga ya sa yatsa ya janye takunkumin zuwa haɓa, ya saki atishawarsa son ransa, sannan ya mayar. Na ce, "Haba ƙanena, me ka yi ke nan?" Ya ce, "Yaya, ai in na yi a ciki ɓaci zai yi."

Ɓaci zai yi! To don me aka yi shi?

'Yan'uwana matasa, ina ƙaunarku, amma wannan ɗabi'a ta takunkumin haɓa ta kai ni maƙura. Ƙwayar korona da ta mura da ta tarin fuka duk ta hanci da baki suke fita, cikin numfashi da tsartuwar yawu, ta nan kuma suke shiga. Kun manta inda ake zura tsinken gwajin korona? A hanci. Wanda ya rufe baki ya bar hanci ya kulle taga ne ya bar ƙofa a buɗe. Shi kuwa mai rataya shi a haɓa, ban san cutar da yake kare gemunsa daga gare ta ba. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ba a ce ka ɗaura masa ƙyalle ba.

Wani sai zai yi magana ya sauke shi, alhali lokacin maganar ne ake buƙatarsa. Wani ya cusa shi aljihu tare da makulli da kuɗi, gobe ya zaro ya busa ya mayar, mako guda ana abu ɗaya. Wani ya sayi takunkumin da ake kira N95 don a ga ya waye. Shi N95 yana tace kashi 95 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska, amma sai ya manne da fuska ba kafar da iska za ta bi. In ya saki, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ko na yadi, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a watan Yunin 2020 ita ce ya zama ninki uku, in ya jiƙe a sauya, a kuma cire shi ta igiyar kunne ba ta gaba ba.

Masu safar hannu kuma, naku daban ne. Mutum ya wuni da safa ɗaya, ya taɓa ƙofa, ya latsa waya, ya sosa ido. Kitso da ƙwarƙwata ke nan. Daƙiƙa 20 ta wanke hannu da sabulu ta gagare ku, amma awa uku kuna ɗaukar hoton kanku ba gajiya. Waɗanda ke yar da tsohon takunkumi a bakin hanya yara su tsinta, ku ma Allah Ya shirye ku.

Kada wani ya ce min tawakkali. An ce a ɗaure raƙumi tukuna. Ebola ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, cikinsu har da ɗaruruwan ma'aikatan lafiya, kuma lokacin tuɓe kayan kariya na daga cikin mafi haɗari gare su. A korona, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 suka rasu daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Waɗannan sun wuni cikin riga da tabarau da takunkumi har fuskarsu ta yi shatin igiya. Kai kuma minti talatin ka ce zafi.

Abin da ya fi ci min rai ba jahilci ba ne, don kun fi mu karatu. Kunyar ce ta tafi. A da yaro ba ya tari a gaban babba sai ya kau da kai ya rufe baki, ba tare da likita ya koya masa ba. Yanzu an ba shi abin rufewar a hannu, yana tausayin ƙyallen.

Ita dai dattijuwar ba ta ce uffan ba. Ta gyara nata takunkumin da hannu yana rawa, ta juya fuskarta ga bango.