Ranar da Rokar 'Yata Ta Sa Ɗangalallen Wando

Da 'yata ta kawo mini aikin da aka ba su a makaranta, na karɓa da gadara irin ta mutumin da ya taɓa cin jarrabawar lissafi shekara ashirin da suka wuce. Roka ce ta kwali, gangar jikinta silinda, wato siffa kamar gwangwani, kanta kuma kon, wato siffa mai tsini kamar mazurarin da aka kife, ana so a lissafa faɗin fuskarta sannan a lulluɓe ta da takarda mai sheƙi. Rabin faɗin da'irar gindinta santimita 6 ne, tsayin silindar 20, tsayin kon ɗin kuwa 8.

Jikin silindar bai ba ni wahala ba, domin 2 sau 3.14 (lambar da ake lissafin da'ira da ita) sau 6 sau 20 ya ba da murabba'in santimita 753.6. Daga nan ne kaina ya fara kumbura. Na ƙirga da'ira uku, ta gindi da ta saman silinda da ta ƙasan kon, kowace 113.04, har na yanke su da almakashi na jera a kan tebur. Yarinyar ta ɗaga biyu daga ciki ta ce, "Baba, waɗannan wa zai gan su, alhali a manne suke da juna a cikin rokar?" Na gyara zama na ce ai gwada ta nake yi, na tura su ƙarƙashin littafi.

Da na zo kan kon ɗin, don in fanshe mutuncina sai na hana ta ko taɓa fensir. Na ninka 3.14 da 6 da 8, na auna 8 a takardar, na yanke ba tare da ko sake dubawa ba. Da muka naɗa ta daga tsinin, takardar ta sauko tana ta haurawa kan kanta, ta tsaya cak saura santimita 2 ta kai gindi, kwalin yana leƙowa kamar ƙafar yaron da wando ya yi wa kaɗan.

Ba ta yi dariya ba, wanda a ganina ya fi dariyar ciwo. Ta zana alwatika ta nuna mini cewa 8 tsayin da ke tsakiyar kon ne, inda takarda ba ta bi, ita kuwa a kan gangaren take kwanciya. Bisa ƙa'idar Pitagoras ta lissafin gefunan alwatika, 6 sau 6 wato 36, a tara da 8 sau 8 wato 64, ya zama 100, wanda shi ne 10 sau 10, don haka gangaren 10 ne, fuskar kon ɗin 188.4, jimillar rokar kuma 1,055.04.

Takarda ta riga ta ƙare. Na ɗaga littafin a hankali na zaro da'irori biyun nan, muka yayyanka su muka yi wa rokar faci, ina ta bayanin cewa dama saboda haka na ajiye su.